In Mota Ta Ƙi Tashi Da Sanyin Asuba

Wannan jawabi ne da ɗaya daga cikin dattawan makanikan unguwarmu ya yi a taron wata-wata na ƙungiya a nan Sabo, Ibadan, gab da shigowar hunturu. Mun buga shi kamar yadda ya faɗa, sai ɗan gyara kaɗan.



Ranka ya daɗe Sarkin Hausawa, Malam Liman, Allah ya gafarta malam, shugaban ƙungiya da 'yan majalisarsa, iyayena, yayyena da ƙannena, da iyayenmu mata da ke can baya, ina yi wa kowa barka da yamma, barkanmu da ganin juna lafiya.

Da sakatare ya zo gareji ya ce mini an sa ni in yi magana a kan motar da ta ƙi tashi lokacin sanyi, sai wani yarona ya tuntsire da dariya. Ya ce, "Baba, wane sanyi kuma a Badun?" Na ce da shi ya yi gaskiya rabi. Sanyin da ake yi a Ingila ko Rasha, inda ruwa ke daskarewa a cikin lagireto har ya fasa inji, Allah bai jarrabe mu da shi ba. Hunturun nan, wanda maƙwabtanmu Yarabawa ke kira oye, ɗan leƙowa yake yi tsakanin Disamba da Janairu ya wuce. To amma mu mutanen Sabo ba a Sabo kaɗai muke kwana ba. Tun da aka kafa unguwar nan a 1916 abincinmu a kan hanya yake: goro ya hau, shanu da albasa da tumatir su sauko. Direban da ya tashi daga nan da zufa a jikinsa, jibi asuba ta yi masa a Funtuwa ko Zariya ko Jos, haƙoransa na kaɗawa. Jos tudu ce, ta kai wajen mita 1,200 a sama da teku, akwai dare a Disamba da ma'aunin zafi kan sauka ƙasa da digiri 10. Masu zuwa Gembu a kan tsaunin Mambila su ma za su ba ku labari. Sannan mu nan kudu muna da namu abokin gaba wanda ya fi sanyi naci, wato danshi da raɓa. Saboda haka maganar ta shafe mu.

Bari in fara da abin da ya same ni ina saurayi, lokacin ina yaron mota. Mun ɗauko goro daga Shagamu za mu kai Jos, muka isa da daddare muka kwana a bakin gari. Da asuba maigidana ya murɗa makulli, mota ta ce "guuu, guuu," ta yi shiru. Ya sake, ta sake. Ya yi ta murɗawa har ta daina amsawa sam. Kun san goro da iskar hunturu ba sa ga maciji. Mai kaya yana tsaye yana salati, yana yayyafa wa huhuna ruwa, kasuwa na ci ba mu isa ba. Muka kira wani makanike a wurin, ya kwance famfon mai, ya kwance nozul, ya ci kuɗinsa, rana ta take mota ba ta tashi ba. Can wani tsoho mai gyaran waya ya zo wucewa, ya leƙa, ya kama kan batir ya girgiza da yatsa biyu, sai ga shi yana juyawa kamar zobe a hannun yaro. Ya kankare, ya ɗaure, aka ara mana batir, bugu ɗaya ta kama. Aikin minti 10 ya cinye mana wuni guda da ribar tafiya. Tun ran nan na riƙe abu ɗaya: kafin ka taɓa sufana, saurara tukuna.

Inji abu huɗu yake bukata kafin ya tashi. A juya shi da sauri, ya sami mai da iska daidai gwargwado, ya matse su, sannan wuta ta kama. Sanyi kuwa yana taɓa kowannensu. To, in ka murɗa makulli, motar da kanta za ta gaya maka wanne ne ya gaza, in kana da kunne.

In ka murɗa ka ji tsit, fitilun gaban sitiyari ma ba su kawo ba, wutar ce ba ta fito daga batir ba: ko ya mutu murus, ko kansa ya kwance, ko babban fiyus ya ƙone. In ka ji "ƙat-ƙat-ƙat" da sauri kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani, fitilu suna dusashewa, batir ne ya yi rauni. In ka ji "ƙat" guda ɗaya mai ƙarfi, fitilu na nan garau ba su rage haske ba, ka fi zargin kik. In tana juyawa amma da nauyi, kamar mai tuƙa tuwon gidan biki, ko batir ne ko baƙin mai ya yi kauri, ko duka biyun. In kuwa tana juyawa da sauri lafiya lau amma ta ƙi kamawa, ka ƙyale batir, ba shi da laifi, ka koma wajen mai da wutar filogi. Wanda ya iya rarrabe waɗannan sautuka ya gama rabin gyara, kuma ba makaniken da zai yi masa wayo.

Zan daɗe a kan batir, domin a cikin motocin da ake kira na a kansu da sanyin safiya, mafi yawa shi ne.

Mutane suna cewa sanyi ne ke kashe batir. A'a. Zafi ne ke kashe shi, sanyi tona asiri kawai yake yi. Zafin bazara da zafin inji su ne ke ƙafar da ruwan da ke ciki, su cinye farantan dalma a hankali. Batir ya yi watanni yana ciwo ba ka sani ba, saboda inji mai ɗumi ba ya neman ƙarfi da yawa. Ran da sanyi ya sauka sai abu biyu su haɗu: aikin sinadarin da ke ba da wuta a cikin batir ya yi sanyin jiki, shi kuma inji ya ƙara nauyi. Mai bayarwa ya rage, mai karɓa ya ƙara. Shi ke nan sai "guuu." Shi ya sa a ƙasa mai zafi irin tamu, batirin da ya shekara 2 zuwa 3 a fara sa masa ido, komai kyan fuskarsa.

Batirin ƙaramar mota gida 6 gare shi, kowane gida yana ba da bolt 2 da ɗan ɗoriya. In mota ta kwana ba a tayar ba, ka sa mita, cikakken batir zai nuna wajen 12.6. In ka ga 12.2, ya sauka zuwa kusan rabi. In ya gaza 12, fanko ne. Sa wani ya murɗa makulli kana kallon mita: in ta faɗi ƙasa da 9.6 lokacin da kik ke juyawa, batirin nan ya gaji ko da an yi masa caji. Bayan mota ta tashi kuma, ya kamata ka ga tsakanin 13.8 da 14.4 ko kusa da haka. In ba ka gani ba, altaneta ba ta caji, ko fambel ya saki. Mitar nan ba ta kai kuɗin cika tanki ko sau ɗaya ba. Ina roƙon duk mai motar haya ya saya ya jefa a cikin mota.

Ku duba kan batir. In kun ga wani farin gari ko kore-kore ya taru kamar gishiri, shi ne ke tare wuta. A cire waya, a jiƙa 'yar kanwa a ruwan ɗumi a wanke, don kanwa tana kashe kaifin asid, amma kada ko ɗigo ya shiga cikin gidajen batir. A kankare har ƙarfe ya yi haske, a ɗaure tamau, a shafa giris ko basilin a sama. Wajen cirewa a fara da baƙar waya, wato wadda ke haɗe da jikin mota, wajen mayarwa kuma ita ce ta ƙarshe. Dalili shi ne in ka fara da ja, sufana ta taɓa jikin mota, wuta za ta tashi a hannunka. Ita ma baƙar wayar a bi ta har inda ta kama jikin mota da inji, don tsatsar damina tana cin wurin ba a gani. Batirin da ake buɗewa, in ruwansa ya yi ƙasa, tataccen ruwan batir ake ƙarawa. Ba asid ba, ba ruwan rijiya ba, ba ruwan leda ba.

Kuma don Allah, 'yan'uwa, batir yana fitar da wata iska mai kama wuta, musamman in ana caji ko an gama wahalar da shi. Kada a haska shi da ashana, kada a tsaya kansa da taba a baki. Na ga wanda batir ya fashe wa a fuska. Ba zan kwatanta muku ba, muna gaban manya.

In za a ara wuta daga wata mota, ga yadda ake yi. Jar waya daga kan ja na mataccen batir zuwa kan ja na mai rai. Baƙa daga kan baƙi na mai rai zuwa wani ƙarfe mai kauri a jikin injin motar da ta mutu, nesa da batir, don tartsatsin ƙarshe ya tashi can ba a bakin batir ba. A tayar da mai rai ta yi minti 5 tana aiki kafin a gwada. In ta kama a cire wayoyi a juye, na ƙarshe shi ne na farko. Ku tuna yawancin manyan motoci bolt 24 suke amfani da shi, batir biyu a jere. Wanda ya jona wa ƙaramar mota 24 don wai ta tashi da sauri, ya saya wa kansa aiki.

Akwai wata ɗabi'a da muka gada tun zamanin Fijo 504, waɗanda aka riƙa harhaɗawa a Kaduna bayan buɗe masana'antar a 1975. A sa batirin aro a tayar da mota, sannan a cire shi inji na aiki a mayar da mataccen. Ko a cire kan batir inji na aiki wai a gwada ko altaneta na caji. Fijo ta jure wannan don ba ta da abin lalacewa da yawa. Motocin yanzu, har tokumbo ɗin da ake shigowa da su, kwamfuta ce a cikinsu, wadda yara ke ce wa birenbos. Batir shi ne ke danne hawa da saukar wuta. Ka cire shi, wuta ta yi tsalle, ta ƙone abin da kuɗinsa ya ninka na batir sau da yawa. Ni na hana a garejina.

Shi kuma kik, ba a matsa masa. Daƙiƙa 10, in ta yi yawa 15, ka saki, ka ba shi rabin minti ko minti guda ya huce. Sau uku ko huɗu in ba ta kama ba, tsaya, akwai dalili. Ci gaba da murɗawa ba ya warkar da komai, batir kawai kake zubarwa kana gasa kik. Kafin ka murɗa, kashe fitila da rediyo da fanka, ka taka kuloci har ƙasa don ka sauke wa kik nauyin giya. Mai otomatik ya tabbata giya na kan P, in ta yi shiru ya gwada N yana take da birki, don wani lokaci ɗan makunnin da ke wurin ne ke gardama. Dabarar ƙwanƙwasa kik da sanda wani na murɗa makulli tana aiki, ban musa ba, amma saƙo ne cewa burushin ciki ya cinye. Ta kai ka gida, kada ka ɗauke ta Kano.

Turi kuwa sai mai giyar hannu. Giya ta 2, makulli a buɗe, in ta ɗauki gudu ka saki kuloci. Otomatik ba a tura ta, ko unguwa guda za ta taru a bayanta.

Maganar baƙin mai gajeriya ce. Lambar da ke jikin galan ba ado ba ce. In ka ga 20W-50 ko 15W-40 ko 5W-30, lambar farko mai W tana nuna yadda man ke gudu da sanyi, ƙarama ta fi saurin gudu. Mai 40 zalla, da na awo da ake sayarwa a kwalba a bakin titi wanda ba ka san asalinsa ba, da asubar Jos kamar man shanu yake kwana. Da yawa daga injinan zamani siririn mai aka ƙera su da shi. A duba littafin mota ko murfin wurin zuba mai, a bi abin da aka rubuta. Wai "mai kauri ya fi ƙarfi" zance ne na tasha.

To, mu zo ga wadda ke juyawa ta ƙi kamawa.

Fetur ba ya ci yana ruwa, sai ya zama tururi ya gauraya da iska. Da sanyi ba ya son tashi, sai ya kwanta a jikin bututu. Shi ya sa masu kafireto suke da cok: yana rage iska don mai ya yi yawa. Ka ja cok, ka taka totur sau ɗaya ko biyu, ka murɗa. Da ta kama ta ɗan ɗumama, ka mayar da cok. Amma in ka yi ta famfa totur kamar mai ɗinki da keke, mai zai jiƙa filogi, ka ji warin fetur ya cika wuri. Ta sha mai ke nan. Maganinsa ka mayar da cok, ka taka totur har ƙasa ka riƙe, kada ka famfa, ka murɗa. Iska za ta share. In ta ƙi, a kwance filogi a busar.

Mai injekta ba ruwanta da cok, ba ruwanta da famfa totur. Akwai wani ɗan ma'auni a hanyar ruwan inji wanda ke gaya wa kwamfuta ko inji na da sanyi, ita kuma ta ƙara mai da kanta. In ma'aunin nan ya lalace yana yi wa kwamfuta ƙarya cewa inji na da zafi, sai mota ta riƙa wahalar tashi da safe kaɗai, da rana lafiya lau. Wannan sai an sa na'urar bincike. Abin da kai za ka iya yi shi ne ka buɗe makulli ba ka murɗa ba, ka kasa kunne wajen tanki. Ya kamata ka ji famfon mai ya yi "zzz" na daƙiƙa 2 ko 3. In ba ka ji ba, duba fiyus da rile kafin a ce maka famfo ya mutu. In kuma wata 'yar fitila mai hoton makulli tana ta ƙyaftawa, motar ce ba ta gane makullinka ba, gwada ɗayan.

A nan ne zan ɗan ratse. Mu makanikan ƙasar nan muna da laifi guda: da an kawo tokumbo sai mu cire tamostat, mu jona fanka kai tsaye, mu ce wai na ƙasar sanyi ne. Tamostat ƙofa ce da ke tsare ruwa har inji ya kai zafin aikinsa. Ka cire ta, inji ya daɗe bai ɗumama ba, kwamfuta ta yi ta zuba mai tana zaton har yanzu asuba ce, filogi ya yi baƙi, kai kuma ka yi ta kuka da shan mai. Ni ma na yi wannan aika-aika shekaru da yawa kafin in gane. Allah ya yafe mana.

Wutar filogi ita ce danshin kudu ya fi kamawa. Motar da ta kwana a waje cikin damina, ko raɓa ta sauka mata, in mai distiributa ce, buɗe murfin ka duba. Za ka ga gumi a ciki. Wutar da ya kamata ta tafi filogi sai ta bi ruwan nan ta zurare. Goge da busasshen tsumma, goge wayoyin filogi da kan koyil, sau da yawa shi ke nan. In murfin ya tsage ko da kamar gashi ne, a sake shi. Ka tayar da mota da daddare a wuri mai duhu ka buɗe bonet: in ka ga shuɗin tartsatsi na rawa a jikin wayoyi, sun tsufa. Masu kwantak su riƙa duba bakinsa, in ya ƙone a goge ko a sake. Filogin da bakinsa ya cinye ya yi faɗi yana iya aiki da rana ya ƙi da asuba, domin lokacin kik ya janye yawancin wutar batir, abin da ya rage wa koyil kaɗan ne. Kuma a leƙa ko ɓera ya yi aiki. Da sanyi suna son ɗumin inji, su kwana su ci waya su yi godiya.

Sai ruwa a cikin tanki. Tun da aka janye tallafin mai a watan Mayun 2023, kowa ya koma sayen lita 5, lita 10, allura kullum tana kwance a kan ja. Na sani, ba don so ba ne. Amma tankin da ba kowa ciki iska ce ta cika shi, iskar kudu kuwa ruwa gare ta. Dare ya yi sanyi, ruwan ya tsattsafo a jikin tanki ya gangara ƙasa, don ya fi mai nauyi, daidai inda famfo ke zuƙa. Bayan haka famfon motar injekta a cikin tanki yake zaune, man ne ke sanyaya shi. Kullum a fanko, ransa gajere ne. In da hali kada a bar allura ta sauka ƙasa da kwata. A kuma yi hattara da inda ake sayen mai. Ba mu manta gurɓataccen fetur ɗin da ya shigo ƙasar nan a farkon 2022 ba, wanda sinadarin metanol ya yi wa yawa, da irin motocin da ya kwantar. Matatar iska ma, ƙurar hunturu tana toshe ta cikin makonni, a riƙa cirewa ana kaɗewa daga ciki zuwa waje.

Yanzu ga 'yan'uwana masu gas, masu bas da tirela da sauran 911 da Allah ya ja wa kwana. Injin gas ba shi da filogi. Iska yake matsewa ƙwarai har ta yi zafin da in an fesa mai zai kama da kansa. Da sanyi, ƙarfen inji yana shanye zafin nan kafin ya isa. Shi ya sa gudun juyawa ya fi muhimmanci a gas fiye da fetur, batir mai rauni kaɗan ma ya isa ya hana ta. Ƙananan motocin gas suna da hita a kowane silinda. Ka buɗe makulli, ka jira fitilar nan mai kama da murɗaɗɗiyar waya ta mutu, sannan ka murɗa. In sanyi ya yi yawa, rufe ka sake buɗewa sau biyu. Hita ɗaya ko biyu suna iya mutuwa tun damina ba ka sani ba, sai Disamba.

Ka sa yaronka ya tsaya wajen salansa kana murɗawa. In farin hayaƙi na fita mai warin gas, mai yana zuwa, zafi ne babu: hita, ko juyi ya yi nauyi, ko ringi ya cinye inji ba ya matsewa. In ba hayaƙi ko kaɗan, mai ne ba ya zuwa: iska ta shiga layi, ko filta ta toshe, ko ruwa ya cika kofin da ke ƙasanta. A zubar da ruwan, a buga famfon hannu a fitar da iska. Amma injinan gas na zamani masu kwamfuta, kada wanda ya sassauta bututun nozul ana murɗawa. Ƙarfin man da ke ciki yana huda fata. Maganar gas ya daskare ya zama kamar kakin zuma kuwa, sai sanyi ya kusa inda ruwa ke ƙanƙara ko ya wuce. A hanyoyinmu da wuya ka gamu da shi. In an ce maka gas ɗinka ya daskare a Zariya, ka nemi ruwa ko datti a filta.

Abu uku nake roƙo a bari, kuma saboda su na yarda na zo. Na ɗaya, hura wuta a ƙarƙashin inji ko tanki don a ɗumama. Mota ba tukunya ba ce, ƙasanta duk mai ne da roba. Na biyu, jiƙa tsumma da fetur a kanga a bakin iskar injin gas. Tana tashi, na sani, amma in akwai hita mai zafi wutar na iya dawowa ta kama hannun yaro, inji na iya zuƙe tsumman, bugun da yake yi kuma yana karya ringi. Na uku shi ne mafi muni: kwana a cikin mota an rufe gilashi da kaskon gawayi, ko a bar inji na aiki a rufaffen gareji. Hayaƙin gawayi da na salansa suna da wata guba wadda ba ta da wari ba ta da launi. Mutum ba ya jin komai sai barci mai daɗi, daga nan sai a wayi gari. Irinta ce ke kashe iyali guda a ɗaki in an kwana da janareto. Iyayenmu mata, ku gaya wa 'ya'yanku masu bin mota: bargo biyu, ba kasko ba.

In dare zai yi maka a arewa, juya gaban mota ya bar iska, wadda daga gabas maso arewa take busowa. In akwai gangara, tsaya a kanta ka sa waigi. Da ta tashi da safe, kada ka yi ta zuga totur don tasha ta san ka iso, lokacin mai bai gama hawa sama ba. Ƙaramar mota minti guda ya isa, ka tafi a hankali har allurar zafi ta motsa. Babbar mota ka jira iskar birki ta cika.

Na ga Alhaji ya ɗaga hannu. Na'am, ranka ya daɗe?

Alhaji yana tambaya, motarsa ajiye take sai ranar Juma'a ko in za a kai wani asibiti, yaya zai yi. Alhaji, irin motarka ce ta fi ba ni tsoro, don ita ake nema da ƙarfe 3 na dare in haihuwa ta zo. Motar zamani ko a kashe take tana ɗan tsotsar wuta, ga agogo, ga na'urar ɓarayi. Tayar da ita minti 5 a tsakar gida ba ya mayar da abin da kik ya ci. A fita da ita sau ɗaya a mako, a yi tafiyar rabin awa, ko zuwa Ojoo ne a dawo. In za ka yi Umra ko wata doguwar tafiya, a cire baƙar wayar batir, sai dai ka tambayi mai gyaranka tukuna, don wasu motocin rediyonsu kan kulle in an yanke wuta. Kuma a ajiye wayar aron wuta a but, mai kauri, ba siririyar nan ta kasuwa da ke yin zafi a hannu ba.

Shugaba ya ce lokacin Magariba ya gabato. Ranar Asabar mai zuwa bayan La'asar, ni da yarana za mu zo nan ƙofar ofishin ƙungiya da mita. Duk mai mota ko bas ya kawo a auna masa batir da caji, ba ko kwabo. A zo da motar da ta ɗan huta, don wadda aka kashe yanzu-yanzu mita kan nuna ta fi yadda take.